Ɗan Fari a Gaban Dattawa

Ni Yalwa, tun da na haifi ɗan farina ban taɓa kiran sunansa ba. Ba faɗa muka yi ba, haka muka tarar. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane, ko gaisuwarsa sai ta amsa tana kallon wani wuri. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ni kuwa na koma ina ce masa "wancan". Da ya girma ya zama fasto sai abin ya zo mini da sauƙi, na bi mutane ina cewa Fasto. Matan zumuntar coci 'yan zamani suna yi mini dariya, wai Mama Yalwa ai mun zama Kirista, an bar wannan. Na ce musu baftisma aka yi mini, ba kunya aka wanke mini ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kibiya, kuma mu asalinmu Maguzawa ne. Gidan da na yi aure ya rabu uku, amma akushi ɗaya ake ci. Ni da yarana muka shiga coci. Ƙanin maigidana, Bello, ya musulunta tun yana saurayi, yanzu Alhaji ne mai motocin haya tsakanin Rano da Kano. Shi kuwa maigidan ya ce inda ya tarar da ubansa nan zai tsaya, kada wanda ya dame shi. Manomi ne na gaske, rumbunsa bai taɓa rufuwa ga maƙwabci ba. Yana shan giyarsa, yana zuba wa kakanninsa tasu a gindin tsamiya. Ran Lahadi shi yake tashina, ya ce, "Ke, an buga ƙarfenku, tashi kada Allahnku ya ce ni na hana ki." Ya rasu bara waccan bayan kaka, ba baftisma, ba kalmar shahada.

Fasto a Filato ya yi karatun tauhidi. Can aka koya masa Ibrananci, harshen da annabawan Yahudawa na dā suka yi magana da shi. Ya dawo da wani baƙin littafi mai kauri da ake buɗewa ta baya. Ranar da Alhaji Bello ya gani sai da ya riƙe baki.

"Tabɗi! Ashe ku ma daga dama kuke farawa? To ai saura kaɗan ka iso wurinmu, ɗana."

Aka yi ta dariya. Ni ina bakin murhu ban ko ɗaga kai ba, amma Allah ya sani, ranar nan zuciyata fari ƙal. Aka ba shi cocin ƙauyenmu ya riƙe. Idan ya hau mumbari, ni ina bencin ƙarshe ina kallon yatsun ƙafata, sai ka rantse barci nake yi, alhali ko tarinsa ba ya wuce ni.

Rikicin ya taso ne a nazarin Littafi na ranar Laraba. Wata mata ta tambaye shi yadda ƙarshen mugaye zai kasance ranar shari'a. Da wani ne, da ya ce wuta har abada, a yi addu'a a tashi. Shi kuwa ya ce masana sun rabu biyu. Akasari sun ce azaba ce da ba ta ƙarewa, kuma wannan ce koyarwar ikilisiyarmu. Waɗansu kuma sun ce hukunci ne mai zafi da zai ƙare da hallaka ɗungum, mutum ya zama babu shi. Matar ta ce, to kai Fasto wanne ka gani? Ya ce shi dai yadda ya karanta maganar annabawa a harshensu, ya fi karkata ga na biyun.

Dattijo Ɗanmalam yana zaune a gaba. Ɗanmalam dattijon ikilisiya ne, irin mutumin da idan kaza ta shiga coci sai ya kai ƙara gunduma. Ba zan ce mugu ne ba. Shi da bakinsa yake faɗa cewa tsoron wuta ne ya raba shi da tulun giya, kuma yana ganin ranar da aka kashe wutar nan rabin ƙauyenmu za su koma gindin tsamiya. Shi ya kai ƙarar Fasto gunduma a Rano kan koyarwar nan. Da ƙarar ta tsaya a nan, da ban ce uffan ba. Amma sai ya ƙara da cewa Fasto ya murɗe maganar Allah da gangan don ubansa ya mutu Bamaguje, yana so ya fitar da shi daga wuta, ya share wa uwarsa hawaye.

Saƙo ya zo daga Rabaran Mato, shugaban gundumarmu, cewa majalisar dattawa za ta zauna a Rano. An yi mana bayani a fili. Idan saɓanin fahimta ne, malaman makarantar tauhidi za su duba. Idan kuwa an tabbatar da gangan ya lanƙwasa maganar Allah saboda son zuciya, za a karɓe aikin daga hannunsa, kuma ba zai sake hawa mumbari a ko'ina ba. Wato ɗan da uban nan ya ɗauko wa akwati a ka har bakin titi ranar tafiya makaranta, shi za a rubuta wa maƙaryaci a goshi.

Akwai abin da na sani wanda Ɗanmalam bai sani ba, kuma daga ni sai wancan muka san shi.

Bayan an tashi daga zaman makokin maigida, wata rana da hantsi ina bayan gida ina ƙona kara don in sami tokar miya. Fasto ya zo ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe ni. Na amsa ina kallon wuta. Ba na iya tambayarsa ido da ido, don haka na yi kamar da wutar nake magana. Na ce, ana cewa wani ya koyo harshen annabawa. Shin a cikin harshen nan babu wata 'yar ƙofa, ko ƙanƙanuwa, da mutumin kirki zai bi? Mutumin da ya ciyar da marayu, bai taɓa cin amanar kowa ba? Na ce ni ba dogon bayani nake so ba. A ce mini kawai zan sake ganinsa.

Sai da karan ya kusa cinyewa sannan ya amsa.

"Inna, na duba. Allah ya sani na duba har idona ya yi ja. Ban san abin da ya gudana tsakanin Baba da Mahaliccinsa a numfashinsa na ƙarshe ba, kuma mai shari'ar duniya duka ba zai yi zalunci ba. Amma in ce miki na ga ƙofar da kike nema a rubuce, ban gani ba."

Na ce wa wutar, to idan bai shiga ba, yana ina?

Ya ce, "Idan yana cikin waɗanda suka ɓace, abin da na gani a bakin annabawa shi ne ƙarewa. Kamar karan nan."

Wayyo! Ban san lokacin da na jefar da sandar da nake tona wutar da ita ba. Na manta da kunya, na juyo na dube shi, na ce gara a ce mini yana wani wuri, ko cikin wuta ne, in san akwai shi, yana tuna ni ina tuna shi, da a ce mini ya zama toka. Na ce ya janye maganar. Na roƙe shi, ni da na haife shi. Ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa in yafe masa, amma bai janye ba. Daminar nan gaba ɗaya ban amsa gaisuwarsa ba, kuma ba kunya ce ta hana ni ba. Ko tokar ban kwasa ba, ruwa ya zo ya wanke ta.

Wannan ne sharen hawayen da Ɗanmalam yake faɗa.

Ranar zaman majalisa Alhaji Bello ya zo da kansa da ƙaramar motarsa. Na ce masa ni kasuwar Rano za ni, in sayo manja.

"Manja? Matar Yaya, yau ba kasuwa ba ce, kuma wannan zanen da kika ɗaura ba na sayen manja ba ne."

"Kai dai direba ne, ja mota. Wa ya tambaye ka?"

"Direba? Ni da na je Makka?"

"Ko can ma ai tuƙa ka aka yi."

Ya yi dariya har yana buga sitiyari. Bazara ce, ana ta sassabe. Daga Kibiya har muka hango duwatsun Rano, gonaki hagu da dama hayaƙi ne ke tashi, an tara tushiyar dawa ana cinna mata wuta. Muka yi nisa. Can sai Alhaji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni a wurinmu wuta wuta ce, ba na jayayya da malamaina. Kuma Yaya yana cikin raina kullum, ba na son in yi tunanin abin. Amma yaron nan, tun yana kiwon awaki, idan suka yi ɓarna shi yake zuwa ya faɗa wa mai gona. Wanda ya ce ya yi ƙarya bai san shi ba." Na ce masa ya kula da hanya, ga rami can.

Cocin gunduma ya cika. Dattawa suna gaba a kan kujeru, Rabaran Mato a tsakiyarsu, maza a benci, mu mata a baya. Alhaji ya tsaya waje a inuwar darbejiya daidai taga, yana jan carbi, kunnensa yana ciki. Fasto yana zaune shi kaɗai a gefe da baƙin littafinsa a cinya. Ya rame. Na gani da wutsiyar ido, na kau da kai.

Rabaran Mato tsoho ne mai farin gashi, ba ya ɗaga murya, kuma shi ma ya taɓa Ibranancin a zamaninsa. Bayan addu'a ya ce, "Ɗana, tashi ka gaya mana abin da ka gani."

Ya tashi. Bai yi rawar baki ba. Ya ce idan annabawan dā za su faɗi ƙarshen mugaye, a lura da abubuwan da suke ɗaukowa. Ƙaiƙayi da iska ke kwashewa a masussuka. Tushiyar kara da wuta ke ci, ba saiwa ba reshe. Hayaƙi da ke watsewa. Kakin zuma a bakin wuta. Toka a ƙarƙashin tafin ƙafa. Ya ce duk cikinsu babu abin da ke zama cikin wuta yana ci gaba da zama. Ya buɗe littafin ya karanta wani wuri da harshen, maƙogwaronsa yana kartar haruffa, sai na ji Alhaji a waje ya ce "Ikon Allah!" har wasu suka juya. Fasto ya ce kalmomin da annabawan suka fi amfani da su, su ne na yankewa da shafewa da ƙarewa. Wutar da suka ce ba a kashewa kuwa, sun faɗi haka a kan ƙofofin birane da fadodin sarakuna, ma'ana ba mai iya tare ta sai ta gama aikinta, kuma yau biranen nan ba sa ci da wuta.

Rabaran ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ka yi karatu. To amma kalmar nan da kake cewa hallaka, ba ita suka faɗa a kan tunkiyar da ta ɓace ba? Tunkiyar da ta ɓace tana nan a daji, tana jin ƙishi, tana jin tsoro. Ƙasar da aka ce an hallaka, tana nan kwance kango. Kuma yawancin wuraren da ka kawo, annabawan yaƙin duniya suke faɗa, ba ranar ƙarshe ba."

Fasto ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Shi ya sa nake taka-tsantsan da su. Amma idan da hoton yaƙin nan suka koya mana yadda hukuncin Allah yake, to hoton ƙarewa suka nuna."

Rabaran ya ce, "Inda aka ce waɗansu za su farka zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya da ƙasƙanci madawwami fa? Toka tana jin kunya?"

Ni kaina na ce a raina, tsohon nan ya kama shi. Fasto ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago.

"Baba, wannan wurin ya fi kowanne yi mini nauyi. Ina iya cewa ƙyamar tana zukatan masu kallo ne, ita ce ba ta ƙarewa. Amma ba zan ce ya daina damuna ba. Idan na yi kuskure, ina so a nuna mini. Abin da ba zan iya ba shi ne in ce na ga abin da ban gani ba."

Kai! Da a ce ɗan wata ne, da na rangaɗa guɗa a wurin nan. Sai na gyara ɗaurin ɗankwalina kawai.

Suka ɗauki lokaci suna kai da kawowa, wannan ya buɗe nan, wancan ya buɗe can. Wani dattijo ya yi gyangyaɗi har hularsa ta faɗi. Ɗanmalam dai yana ta motsi a kujera kamar wanda cinnaka ya shiga wa riga. Da ya ga maganar tana neman zama ta malamai, sai ya miƙe.

"Rabaran, a gafarce ni. Ni ban iya harshen Yahudawa ba, amma na iya lissafin mutum. Yaron nan bai fara wannan magana ba sai da ubansa ya mutu. Ubansa kuwa kowa ya san yadda ya mutu. Wa zai so a ce ubansa yana wuta? Ya je ya tono abin da zai sanyaya wa gidansu zuciya, ya kawo mana wai Ibrananci."

Rabaran ya rufe littafinsa a hankali. Ya ce, "Nawa uban ma haka ya mutu. Tun ina saurayi nake ɗauke da wannan, ban sauke ba, don ban ga an ba ni izinin saukewa ba." Ya dubi Fasto. "Ɗana, ka amsa. Saboda mahaifinka ne?"

"A'a, Baba."

"Kana da mai shaida?"

Na ga idonsa ya taho wajen bencin mata, bai iso kaina ba ya mayar da shi. Ya san abin da zai wanke shi, ya kuma san a bakin wa yake. Ya ce, "Ba ni da shi, sai Allah."

Nan ne Ɗanmalam ya yi abin da ya tunzura ni. Ya juyo ya nuna bayan coci da hannu.

"Ga mahaifiyarsa can zaune. Tun da aka fara maganar nan a ƙauye, ko sau ɗaya an ji ta musa? Ta yi shiru, don ta san don ita aka yi."

Jama'a! Ɗanmalam da aka haifa a unguwarmu, wanda tasa uwar har ta mutu ba ta kama sunan wansa, ɗan farinta, ba, shi ne zai ɗauki kunyata ya mai da ita shaida a kan ɗana? Ya san sarai ba zan tashi ba, shi ya sa ya faɗa. Matar da ke kusa da ni ta dafa mini gwiwa, wai in yi haƙuri. Na ture hannunta. Gwiwoyin nan nawa da sai na dafa bango nake tashi, ranar nan ban san yadda aka yi na gan ni tsaye ba.

Na ce, "Rabaran, a ba ni izini."

Aka juyo gaba ɗaya. Rabaran ya ce, "Mama, kin san ba a tilasta miki ba."

"Na sani. Ɗanmalam ne ya kira ni, na amsa."

Na taka har gaba. Ban dubi inda wancan yake ba. Na ba su labarin ranar da nake ƙona kara, tun daga tambayar da na yi wa wuta har sandar da na jefar. Na ce, "Dattijo ya ce an share mini hawaye. Wa ya gaya maka akwai sanyi a ce wa mace mijinta ya zama babu? Kai ka taɓa zama da mutum tun kana yarinya, ka san ƙarar takunsa, ka san yadda yake tari da asuba, sannan a ce maka ko a wuta ma ba za a same shi ba? Ni wutar taka na roƙa a ba ni, Ɗanmalam. Ita ce mai sauƙin a wurina. Aka hana ni."

Na juya ga dattawa, na ci gaba.

"Mamaci ba ya roƙo. Ni ce mai rai, ni na tsaya a gabansa ina kuka, ni da ban taɓa neman komai a hannunsa ba. Da mai lanƙwasa maganar Allah ne, ranar nan zai lanƙwasa ta, ba mai ji ba mai gani. Kalma ɗaya zai faɗa in kwana da daɗi. Ya zaɓi in yi fushi da shi damina guda. Ni ban san wanda ya yi daidai tsakaninsa da Rabaran ba, ban iya karatunku na dama ba. Har gobe ina addu'a a ce dukansu biyu akwai abin da ba su hango ba. Amma maganar ƙarya, a cire ta."

Da na tsaya nan, da ya isa. Amma zuciyata ta riga ta kawo wuya. Na juya, na dube shi sosai, a gaban maza da mata da dattawan gunduma, na nuna shi da hannuna.

"Wannan ɗana ne. Anaruwa. Ubansa ya sa masa sunan, don ana tsuga ruwa na haife shi. Anaruwa ba ya ƙarya. Bai gado ta a wurin ubansa ba, bai sha ta a nonona ba."

Wata tsohuwa a baya ta ce "Af!" da ƙarfi. Matan zumunta suka rufe baki da gyale. Sunan ya fito mini wani iri, kamar na tauna abin da ban taɓa ci ba, amma ban ji kunya ba ko ƙanƙani. Daɗi na ji. Shi kuwa ya kifa fuskarsa a kan baƙin littafin, kafaɗunsa suna rawa. A waje na ji Alhaji yana fyace hanci.

Ɗanmalam ya zauna. Bayan ɗan lokaci ya sake miƙewa, ya cire hula, ya ce shi dai har yanzu yana ganin koyarwar nan za ta ɓata mutane, amma maganar da gangan, ya janye ta, kuma Mama Yalwa ta yafe masa. Na ce na ji. Ban ce na yafe ba, sai da aka kwana biyu.

Dattawa suka shiga ɗaki suka fito. Rabaran Mato ya ce majalisa ba ta sami Fasto da laifin murɗe maganar Allah ba, aikinsa yana hannunsa. Batun fassarar za a aika wa malaman makarantar tauhidi su duba, kafin nan kada ya koyar da ita a mumbari, amma idan an tambaye shi kada a sa shi ya yi ƙarya. Sannan ya ce da shi, "Ban yarda da kai ba, ɗana, kuma ina jin ba zan yarda ba. Ka zo gidana da littafin nan naka, mu ci gaba daga inda muka tsaya."

Ban jira an gama gaishe-gaishe ba, na fito na shige mota na zauna a baya, na ja gyale na rufe rabin fuska. Alhaji ya shigo, idonsa jawur, amma bakinsa bai mutu ba.

"Matar Yaya, manjan fa?"

"Ya ƙare a kasuwa. Ja mu tafi."

Bai tayar da motar ba. Na ɗaga kai, sai ga wancan ya taho. Ya zo daidai tagar da nake, ya tsuguna a ƙasa cikin rigarsa ta fasto, mutane suna kallo. Na juya ina kallon darbejiya.

"Inna, sannu da hanya."

"Yawwa," na ce wa darbejiyar.

Ya matso kusa da taga. Sannan ya ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Inna, ashe kin san sunana."

Hawayen da na hana fita a gaban dattawa suka zubo mini. Ban share ba, ban kuma juyo ba. Na taɓa kafaɗar Alhaji na ce, "Ka gaya wa wancan ya shigo mota. Tun safe bai ci komai ba, ina gani."